Ranar da Inna Ta Wanke Sarkin Jamus

Mijina Maitama bai san farashin tumatir ba, amma ka tambaye shi da wane irin kuɗi ake sayen burodi a Jamus shekara ɗari takwas da suka wuce, sai ka ga ya gyara zama. Aikinsa ke nan. Ya karanta tarihi a Zariya, ya samu tallafi ya tafi Jamus, ya dawo da digiri na uku a kan tsofaffin kuɗin azurfa. Har yau in dangina suka tambaye ni sana'arsa sai in ce malami ne, mu wuce wurin.

Wannan karatun ne ya kawo mu Amurka. Akwai wani dattijon Bature, Mista Gregory, mai gida a Fort Washington a bakin kogi, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tara irin waɗannan kuɗaɗen, har ya kafa 'yar gidauniya saboda su. Shi ya ɗauki Maitama ya tsara masa su, ya rubuta littafi a kansu. Bizar Maitama a jikin aikin take rataye, tawa kuma a jikin tasa. In Mista Gregory ya sa hannu mu ƙara shekara, in bai sa ba mu tattara komatsanmu. Ni da na karanta harhaɗa magunguna a Kano, takardata ba ta ba ni damar sayar da ko fanadol ba. Ina zaune a hawa na uku a Greenbelt ina kallon motocin mutane suna tafiya aiki.

Na haifi Afnan a tsakiyar sanyi, Inna mahaifiyata ta taso daga Kano ta zo yi mini jego. Ta zo da busasshen ganyen darbejiya, da kanwa, da tsamiya, da turaren wuta wanda muka kunna sau ɗaya tak, na'urar hayaƙi ta yi ta ihu har maƙwabta suka fito a guje. Daga ranar Inna ta ɗauki gidan a matsayin abokin gaba. Taga ba ta buɗuwa sosai. Ƙasa kafet ne ko'ina, ba wurin shara. Waje ƙanƙara, ba ta jin yaren kowa, kuma ko ta fita ba wanda zai ce mata ina kwana. Matar da a Kano ba ta zama sai lokacin salla, ta koma tana zaune a gefen gado tana matsa yatsunta.

Amma babbar matsalar ba sanyi ba ce. Gidan ɗaki biyu ne, falo ɗaya, banɗaki ɗaya, ga suruki ga suruka a ciki. A Kano, Maitama zai zo ƙofar ɗakin Inna ya durƙusa ya gaishe ta kansa a ƙasa, ta amsa fuskarta a gefe, ya tashi ya tafi, shi ke nan sai wata shekara. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, shi kuma bai taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba. To a nan ina za a gudu? Ya bar mana babban ɗakin, ya koma ƙaramin da yake aiki a ciki, yana kwana a ƙasa tsakanin littattafai. In zai shiga banɗaki sai ya yi gyaran murya, Inna ta ja mayafi ta tura ƙofa. In ita za ta fito sai in leƙa in ce hanya ta yi. Abincinsa kuwa a kwano mai murfi nake zuba masa, ya sauka ƙasa ya kunna hitar mota ya ci. Mutum mai digiri uku, yana cin tuwo a kan sitiyari. Da farko dariya nake yi masa, daga baya abin ya daina ba ni dariya, don duk maganar da za ta ratsa tsakaninsu ta bakina take bi, ga ciwon jiki, ga jaririya.

Ana cikin haka Mista Gregory ya yi mana abin da ya ɗauka alheri ne. Ya ce hanya ta yi santsi, mai jego tana bukatar mijinta, Maitama ya ɗauki faifai ɗaya na kuɗin ya je gida ya ɗauki hotunansu a can. Ya ce bai taɓa bari an fitar da su daga gidansa ba, amma Maitama ya zama kamar ɗa.

Ranar da Maitama ya kawo su ya kira ni ɗakinsa. Na leƙa faifan na ga wasu 'yan sulalla baƙaƙe ƙirin, wasu da kore-kore a gefe, sirara kamar ɓawon albasa.

Na ce, "Dakta, wannan ne abin da muke ci a kansa? Ai ko a bola na gani ba zan sunkuya ba."

Ya ce, "Kawo idonki nan." Ya miƙo mini gilashin ƙara girma.

Sai ga mutum ya fito a cikin baƙin. Yana zaune a kan karaga da kambi, sanda a hannu ɗaya, ɗayan hannun riƙe da wata ƙwallo mai gicciye a samanta. Maitama ya ce wannan shi ne sarkin sarakuna Frederick, wanda suke yi wa laƙabi da Jan-Gemu. Saboda sirantar azurfar, gefe ɗaya kawai ake bugawa, hoton ya kumburo ta gaba ya lotsa ta baya. Ya ce a wancan zamanin ikon buga kuɗi na sarki ne, shi yake ba wa wanda ya so, limamin coci ko hakimi, kuma in ya bayar da wuya ya iya karɓewa. Kuɗin gari ba ya cika tafiya a kasuwar wani gari. A wasu wuraren kuma duk shekara, wani lokaci sau biyu, sai a yi shela cewa tsohon kuɗi ya mutu, kowa ya kawo nasa, ka ba da huɗu a ba ka sababbi uku.

Na ce, "Ashe tun can masu sa hannu haka suke."

Bai ma ji ni ba. Ya nuna mini wasu a gefe masu hoton limamin coci da doguwar hula. Wanda ya sayar wa Mista Gregory su tun da daɗewa ya ce a tukunya ɗaya aka tono su duka, a wata gona, amma ba wata shaida. In gaskiya ne, to kuɗin sarki ya yi yawo a yankin da ake ganin hannunsa bai kai sosai ba, kuma wannan shi ne ƙashin bayan littafin nasa. Shaidar tana jikin baƙin nan da koren nan, da 'yar ƙasar da ta maƙale a lungunan hoton, har da burbushin zaren ƙyallen da aka naɗe su a ciki. Mako mai zuwa za a kai su ɗakin gwaje-gwaje a duba.

Ya ce, "Dattin shi ne dukiyar. Dokar farko a aikinmu ita ce ba a wankewa. Ko numfashi ba a so ya yi yawa a kansu." Sai ya rage murya. "Ko in riƙa kulle ɗakin in zan fita?"

Muka kalli juna. Kafin in buɗe baki shi da kansa ya girgiza kai. Ka kulle ɗaki a gidan da daga kai sai matarka sai uwarta, me kake ce mata? Ya ce to in ɗan yi mata bayani. Ni kuma ba a haife ni in ce wa Inna kada ta taɓa abu ba. Na dai ce mata ta bar wahalar da kanta da ɗakin can, zan riƙa gyarawa. Ta ce to.

Ranar Juma'a ya tafi masallaci a Lanham, daga nan zai biya ya sayo mana naman rago. Inna ta gasa mini jiki da ruwan zafi har sai da na ga taurari, ta ɗura mini kunun kanwa, Afnan ta yi barci, ni ma barci ya kwashe ni. Da na farka gidan tsit, sai wani ƙamshi mai tsami-tsami daga kicin, da muryar Inna tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Tun da ta zo ban taɓa jin ta yi waƙa ba. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, na juya na koma barci.

Sallamar Maitama ce ta tashe ni. Na ji ya ajiye leda, ya buɗe ɗakinsa, sai shiru. Shirun ya yi yawa. Na lallaɓa na je.

Yana tsaye da jakarsa a kafaɗa. Faifan yana kan tebur inda ya bar shi, kowane kuɗi a gurbinsa, an ma shimfiɗa musu farin hankici a ƙasa. Suna ta walƙiya kamar sababbin 'yan kunnen amarya. Babu baƙi, babu kore, babu ƙasa. Na tsakiyar, wanda ya nuna mini, ya miƙe sumul, sarkin ya koma wata inuwa da ƙyar ake gane kai daga kafaɗa.

Mahaifin Inna maƙerin azurfa ne. A gindin maƙerarsa ta tashi, tun tana yarinya ita take wanke masa awarwaro da zobba da ruwan tsamiya. Na san wannan tun ina goye, amma bai taɓa faɗo mini a rai ba sai a lokacin.

Maitama ya zauna a ƙasa a hankali. Bai yi salati da ƙarfi ba, don kada a ji ta bango. Wannan ne ya fi ba ni haushi: gidanmu ya kama da wuta, amma dole mu yi raɗa.

Na rufe ƙofa na ce, "Gaskiya za ka faɗa wa Mista Gregory. Tsohuwa ce, baƙuwa ce, ba ta sani ba. Shi ma ai ya yi suruka. Zai ji haushi, ya huce."

Ya ce, "Akwai inshora a kansu, Rumasa'u."

"To sai me?"

"In na ce wani ne ya taɓa, sai sun zo sun ga wanin. Su zaunar da ita a falon nan, su kawo tafinta, su rubuta sunanta, su tambaye ta da me ta goge, wa ya ba ta izini. Ina tsaye ina kallo." Ya shafa fuskarsa. "Kuma ta gane abin da ya faru."

"In ka ce kai ne fa?"

Dukanmu mun san amsar. Baƙo zai iya wanke tsohon kuɗi a ce rashin sani ne. Wanda ya yi digiri a kai in ya wanke, ya gama aiki a wannan fagen, ba a gidan Mista Gregory kaɗai ba.

Raina ya ɓaci, na manta da raɗa. Na ce, "Uwata ce, ba taka ba! Ni na yarda a tambaye ta. Shekara nawa ina zaune a akwatin nan ina jira ka samu takardar zama in fita in yi aiki kamar mutane? Yanzu saboda kunya za ka zubar da komai? Kunyar ce za ta ba Afnan madara?"

Ya ɗaga hannu yana nuna bango. Ya ce, "Don Allah. Ba zan ɗauki sunanta in kai gaban Bature in ce ga mai laifi ba. Bakina ba zai iya ba."

Na ce to nawa zai iya. Na fita na bar shi a ƙasa.

Inna tana zaune a gefen gado da Afnan a cinya, ta ci ɗaurin ɗankwalinta na fita unguwa. Da ta gan ni sai ta sunkuyar da kai tana murmushi, irin na yarinyar da ta ɓoye abu a bayanta.

Ta ce, "Ya dawo ko?"

"Ya dawo. Inna, kayan nan da ke kan teburinsa..."

"Kin gani? Ke ma dai ba ki da ido, 'yar nan. Kayan mijinki su yi wannan dattin kina gida." Ta gyara wa Afnan hula. "Azurfa ce mai kyau, ta gaske, tun da na ɗaga na sani. Sai dai wanda ya ƙera marowaci ne, ya buge ta har ta kusa hujewa. Sai da na jiƙa su a tsamiya, na bi da 'yar kanwa. Ɗaya duk ta kumbura ta lotsa, na kwantar da ita da bayan cokali."

Na buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshena, na shirya ta tsaf.

Sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Kina tsammani ban san a mota yake cin abinci ba? Ina ganinsa ta taga. Ya bar mini gadonsa yana kwana a ƙasa. Da a gida ne da na aika masa da dambu, da na sa an yanka masa kaza. A nan kuwa na zo na tare masa gida, ba abin da nake tsinanawa, ko shara inji ne yake yi. Ba daren da ba na cewa Allah ya nuna mini abu ɗaya da zan yi wa bawan Allahn nan kafin in tafi." Ta share gefen idonta da bakin mayafi. "Yau dai na ji hannuna ya yi amfani. Ya gani?"

Na ce, "Ya gani."

"Me ya ce?"

"Ya kasa magana, Inna."

Ta yi dariya ta rufe baki. Ta ce ai ta sani, mai kunya ne, kada in matsa masa.

Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana. Haushin Maitama nake ji, da na Inna, da na Mista Gregory da alherinsa, har da na sarkin da ya mutu tun tuni ya bar mana fuskarsa a kan abin da cokali zai iya shafewa. Kuma na san ni ma bakina ba zai iya ba.

Asabar da Lahadi muka yi su kamar masu zaman makoki a ɓoye. Inna kuwa ta warware. Ta shiga kicin ta yi dambu da garin masarar da ta samu, ta zuba a kwanon da ya fi kyau ta ce in kai wa mai gidan. Ya karɓa ya sauka mota da shi. Na leƙa ta taga na ga ya ɗora kwanon a kan sitiyari ya daɗe bai buɗe ba.

Ranar Litinin ya sa rigarsa mai kyau, ya naɗe faifan, ya tafi Fort Washington. Na yini ina kallon waya.

Bayan la'asar ya dawo hannu rabbana. Ya cire takalmi, ya zo ƙofar ɗakinmu ya durƙusa. Inna ta ja mayafi ta juya wajen bango. Ya gaishe ta yadda ya saba, ta amsa. Na ɗauka zai tashi, sai ya ci gaba da durƙuso.

Ya ce, "Inna, na ga aiki. Na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma."

Muryarsa ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Tun da aka ɗaura aurenmu ban taɓa jin ya yi mata magana mai tsawon wannan ba. Inna ta ƙara cusa fuska a bango, kafaɗarta tana motsi don daɗi.

Ta ce da ni, "Ce masa ba komai. Ce masa Allah ya yi albarka."

Na bi shi kicin. Ya kunna na'urar zuƙe hayaƙi don ƙararta ta rufe mu.

Ya ce, "Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Ya daɗe yana kallonsu, ya ce kai da hannunka? Na ce ni da hannuna. Ya sake tambaya, ya ce in akwai wanda nake karewa in faɗa, zai fahimta. Na ce babu."

"Ya ba ka ƙofa ka ƙi shiga."

"Da ya fahimta, inshora ba za su fahimta ba." Ya jingina da firji. "Ya ce in ƙarasa watan nan in miƙa makulli. Ba zai kai ƙara ba, amma ba zai iya sa hannu ba, kuma in wani ya tambaye shi ba zai yi ƙarya ba."

Na tsaya ina kallon mutumin nan da na so in shaƙe shi tun ranar Juma'a. Ya rame a kwanakin, gemunsa ya yi buzu-buzu. Ban taɓa jin haushin mutum da sonsa sun haɗu mini wuri ɗaya haka ba. Ɗan lokacin da doka za ta ba mu mu tattara bai wuce ranar komawar Inna da yawa ba.

Na ce, "To ita me za mu ce mata? Za ta ga ana ɗaure kaya."

Ya ce, "Ki ce rakiya za mu yi mata."

Na koma ɗaki. Inna tana yi wa Afnan tausa da man zaitun, tana miƙar mata da ƙafafu. Na zauna kusa da ita na ce Dakta ya ce ba zai bari ta yi doguwar tafiyar nan ita kaɗai ba, dukanmu za mu tafi tare, har Afnan.

Ta tsaya cak da mai a hannu. "Har Kano?"

"Har Kano."

"Aikin nasa fa?"

"Ya nemi izini."

Ta ɗaga hannuwanta sama, man yana gangarowa ta gwiwar hannu, ta shiga jero masa addu'a, ta haɗa da iyayensa da kakanninsa da Baturen da ya ba shi izini. Ta ce ita dai Allah ya ba ta suruki. Sannan ta juyo ta ce kada in kwashi kaya da yawa tun da dawowa za mu yi, akwati ɗaya ya ishe ni.

Na ce to, Inna.